Kafin ka biya kuɗin makarantar tsara cikin gida: shawarar wata mai sana'ar daga Damagaram

Mutum uku ne ke taɓa cikin gida, kuma kowanne da iyakarsa. Akwai mai ƙawata ɗaki, wanda ke zaɓen launin fenti da labule da kujeru da darduma, ya san inda kowanne zai zauna. Akwai mai tsara cikin gini, wanda ke shiga tun ginin bai ƙare ba, ya ce a matsar da wannan bango, a buɗe taga nan, a bi da waya da bututun ruwa ta can, ya zana kabad da kicin da silin da awonsu ya miƙa wa kafinta da magini. Sai arshitek, mai zanen ginin gaba ɗaya, wanda ke da ƙungiyarsa ta ƙasa da sai ta yi masa rajista kafin ya ɗauki sunan. Aikin farko ana iya koyonsa a hannun gwani cikin watanni. Na biyu yana cin shekara 2 zuwa 5 bayan bak, wato jarrabawar gama sakandare. Na uku ka sa ran shekara 5 ko fiye. Duk wanda bai raba waɗannan uku a ransa ba, zai biya kuɗin ɗaya ya fito da takardar wani.

Ni a na biyun nake cin abinci, amma ta ƙofar na farko na shigo, da keken ɗinki da labulen amare a unguwar Zango. Sai daga baya na tafi Yamai na karanta zanen gini, na dawo. Saboda haka ƙannena, abin da zan faɗa muku na ga gabansa na ga bayansa, kuma ba ni da makarantar da nake yi wa talla.

Takardar da ke hannunka

In karatu ya tsaya maka kafin BEPC, wato takardar gama ƙaramar sakandare, kada ka ce ƙofa ta rufe. Cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM suna nan a ƙananan hukumomi, ana koyar da kafinta, walda, gini, ɗinki da aikin wutar lantarki, kuma asusun FAFPA yana tallafa wa koyon sana'a a hannun masu shago. Ka zaɓi kafinta ko ɗinki. Mafi yawan abin da ido ke gani a ɗaki daga hannun waɗannan biyu yake fita, kuma kafintan da ya iya zana abin da zai yi kafin ya ɗauki zarto ya riga ya yi rabin tafiya.

In kana da BEPC, ka duba makarantun fasaha. Lise teknik Ɗan Kasawa ta Maraɗi tsohuwa ce a wannan fanni, kuma wanda ya yi bak ɗinsa a ɓangaren gini yana fitowa ya san allon zane da karanta taswira tun abokansa ba su taɓa riƙe ma'auni ba.

Mai bak shi ke da hanyoyi da yawa, kuma shi ya fi saurin ruɗewa. A cikin gida Nijar, hanyar da na fi yarda da ita ita ce a bi ta gini. IUT, wato cibiyar koyar da fasaha, ta jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Ƙulodo a Maraɗi tana koyar da aikin injiniyan gini, makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai ma haka. Nan gida, IUT ta jami'ar André Salifou tana da fannin tsara ƙasa da birane. Ba cikin ɗaki ba ne, amma za ka koyi awo da taswira da manhajar zane, kana kwana gidan iyayenka kana cin tuwon gida, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga aljihu. Wanda ya fito daga waɗannan wurare ya san abin da bango ke ɗauke da shi. Launi da yadi kuwa zai ƙaro su daga baya.

In arshitek kake so ka zama, sunan da za ka yi ta ji shi ne EAMAU a Lome, makarantar haɗin gwiwar ƙasashen Afirka 14, har da Nijar, tana aiki tun 1976. Da jarrabawar gasa ake shiga, ana yin ta shekara-shekara, kuma lissafi da zanen hannu suna da nauyi a cikinta. Ka fara shiri tun kana ajin ƙarshe, kada ka bari sai sanarwa ta fito.

Makarantun da ke koyar da tsara cikin gini da sunansa kuwa, akwai INSAAC a Abijan, akwai ESSTED a Tunis, akwai makarantar zane-zane ta Kasabalanka a Maroko. Tallafin karatu na gwamnati da guraben da ƙasashe irin su Maroko ke bayarwa ta hukumar ANAB suke bi, don haka ka riƙa bibiyar sanarwarta da kanka, kada ka dogara da wani ɗan unguwa da ya ce ya san hanya. Faransa tana da manyan makarantu irin su Boulle da Camondo, kuma hukumarsu ta CFAI tana fitar da jerin waɗanda ta amince da su. Sai dai ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun farkon 2024, ga tsadar rayuwa a can. Ban hana kowa buri ba, amma kada ka zauna shekara biyu kana jiran biza alhali allon zane na nan kusa.

Mu ƴan Damagaram muna da wata ƙofa da ɗan Yamai ba ya saurin tunawa da ita. Kano tana kusan kilomita 240 daga nan, ta fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. Jami'ar Bayero tana da sashen zanen gini, jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen zanen gini da na ƙirar kayayyaki, inda ake koyon aikin yadi da tangaran da gilas. A kasuwa da gidan haya Hausa za ta fisshe ka, a aji kuwa Turancin Ingilishi ne zalla, kuma sai an daidaita takardunka da nasu. Ka ware lokacin koyon harshen tun kafin ka tafi. A Najeriya masu wannan sana'a suna da ƙungiya, IDAN, tun 2007, kuma gajerun kwasa-kwasai sun yi yawa a Legas da Abuja. Wasu na da kyau, wasu hoto ne kawai a Instagram.

Yadda ake bincikar makaranta

Nan ne nake so ku buɗe kunne, musamman masu niyyar shiga makarantu masu zaman kansu, domin nan ake cin kuɗin iyaye.

Kada ka yi rajista ta waya. Ka je da ƙafarka, kuma ka je ranar da ake karatu, da hantsi, ba ranar da suka gayyaci baƙi ba. Abu na farko da za ka nema shi ne takardar izinin gwamnati, da lambarta da ranarta. Ka lura da kyau: izinin buɗe makaranta daban, izinin koyar da wannan fannin daban. Makaranta tana iya samun izini a kan lissafin kuɗi da aikin sakatariya, sai ta ga ana yayin tsara ɗaki ta liƙa shi a allon ƙofa. Sannan ka tambaya, takardar da za a ba ka a ƙarshe ta gwamnati ce, irin BTS da ake zana jarrabawarsa ta ƙasa, ko kuwa ta makarantar ce kawai? In lisans ce ko masta, CAMES, hukumar ƙasashen Afirka mai tantance takardun jami'a da ke Wagadugu, ta amince da ita? Wannan ita ce za ta sa a karɓi takardarka a Dakar ko Abijan in ka so ƙarin karatu. In mai ba ka amsa ya fara kame-kame, yana cewa takardun suna kan hanya, ka yi masa godiya ka nemi takalminka.

Bayan takarda sai aikin ɗalibai. Ka ce a nuna maka abin da ƴan shekarar ƙarshe suka yi, na hannunsu, ba hoton da aka sauko da shi daga intanet aka manna a bango ba. Ka duba ko akwai awo a jikin zanen. Zanen da ba shi da lambobi ado ne kawai. Kafinta ba zai iya yanka katako da shi ba. Ka duba ko an zana ɗakin ta sama, an zana kowane bango ta gaba, an yanka kabad an nuna cikinsa da kaurin katakonsa, an nuna inda kowace fitila da makunni da soket za su zauna. Ka duba ko akwai ƙananan samfura na kwali. Ɗakin zanen da ake aiki a cikinsa ba ya rasa datti: guntayen kwali, ƙurar fensir, tabon gam a kan tebur. In ka tarar da shi fes kamar ɗakin amarya ran jere, to ba a shigarsa.

Ka leƙa ɗakin kwamfuta ka ƙirga masu kunnuwa, ka raba da yawan ɗalibai. Ka tambayi wace manhaja ake koyarwa. AutoCAD ita ce harshen da ofisoshin zane ke ji, ArchiCAD ta yaɗu a ƙasashen da ke aiki da Faransanci, SketchUp kuma ita ce mai saurin nuna wa mai gida yadda ɗakinsa zai kasance. Ka tambayi yadda suke yi in an ɗauke wuta. Sannan ka karɓi jadawalin darussa ka karanta. Dole ka ga zanen hannu, ilimin kayan gini, wuta da haske, tarihin gine-gine, da darasin awo da ƙiyasin kuɗi. In babu wannan na ƙarshe, ko me suka ƙawata, makarantar ba ta shirya ka don kasuwa ba.

Malamai fa? Ka tambayi nawa ne cikinsu ke da aikin da ake yi yanzu haka a wani wurin gini, kuma ko suna kai ɗalibai. Ka tambayi sitaj, wato zaman koyon aiki a hannun masu sana'a: wata nawa ne, makaranta ke nemo wa ɗalibi wuri ko kowa tasa ta fisshe shi? Kuɗi kuma a rubuta maka shi gaba ɗaya a takarda, na rajista, na shekara, na jarrabawa, na kare kundin ƙarshe, da kayan aikin da za ka saya da kanka, domin takardar zane da kwali da bugun manyan taswirori suna cin kuɗi a hankali har su kai wani abu. In ka gama da ofis, ka fita waje wurin mai shayi ka sami ɗalibai biyu ko uku. Abin da za su gaya maka a kan benci ya fi na ofishin darakta.

An taɓa kawo mini wata yarinya sitaj daga wata makaranta, da takardarta mai hatimi da hotunan falo masu ɗaukar ido da ta yi a kwamfuta. Na miƙa mata mita na ce ta auno mini wani ɗaki. Ta dawo da tsawo da faɗi kawai. Babu tsayin silin, babu faɗin ƙofa, babu nisan taga daga kusurwa, ba ta duba ta wane gefe ƙofar ke buɗewa ba. Ba laifinta ba ne. Shekara biyu aka karɓi kuɗin mahaifinta ba a taɓa fita da ita daga gaban allon kwamfuta ba. Yarinyar tana da kai, yanzu ta iya, amma a shagona ta koya.

Karatu ta intanet yana da amfani wajen koyon manhaja, kuma da yawansa kyauta ne a YouTube. Takardar da ake bugowa a ƙarshensa dai kada ka jingina da ita.

Abin da za ka fara tun yau

Ka sayi mita mai tsawon mita 5, fensir, ma'auni da littafi mai gidan dara. Ka auna ɗakin da kake kwana, ka zana shi a kan ma'aunin 1/50, wato kowace mita ɗaya ta ƙasa ta zama santimita 2 a takarda. Ka auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ka sake auna ɗayar. In awon biyu bai zo daidai ba, ɗakin a karkace yake, kuma za ka sha mamakin yawan ɗakunan garin nan da suke haka. Wanda bai gano wannan da wuri ba, ran da aka kawo kabad zai ga gibi a bayansa da hannu zai shiga. Ka zana gado, ka bar aƙalla santimita 60 a gefensa don wucewa. Ka haddace ƴan lambobin da ba sa canzawa: kujera wajen santimita 45 daga ƙasa, teburin cin abinci 75, kan teburin kicin 85 zuwa 90, ƙofar ɗaki 80 zuwa 90. In kana da kwamfuta, Sweet Home 3D kyauta ce kuma ba ta da nauyi, ta isa mafari.

Duk abin da ka zana ka adana shi, da kwanan wata. Wannan tarin shi za ka nuna a makaranta, shi za ka nuna wa mai ba da sitaj, kuma shi mai gida zai duba kafin ya tambayi takardarka, in ma ya tambaya.

Abin da sai a Damagaram za ka koya

Littattafan da za a koyar da kai an rubuta su ne don ƙasashen da ke neman rana ta shigo ɗaki. Mu nan gudunta muke. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kuma babbar tagar gilas mai kallon yamma, wadda ke da kyau a hoto, tana hana zaman falo daga la'asar har bayan isha. In ka shigo aiki tun ana gini, ka roƙi mai gida a rage tagogin yamma ko a yi musu rumfa, a buɗe iska ta ɓangarori biyu. In silin za ka yi a ƙarƙashin kwano, ka bar wa zafin da ke taruwa a tsakani hanyar fita, kuma kada ka sauko da shi ƙasa don ado har fanka ta rasa wurin juyawa. Fikafikanta suna son su yi aƙalla mita 2.3 daga ƙasa.

Sai ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hazo ba ya neman izinin shiga. Baƙin karo mai sheƙi, wato tayil, ana share shi da safe, kafin azahar ana rubutu a kansa da yatsa. Mai launin ƙasa ko ruwan toka marar sheƙi ya fi rufa wa matar gida asiri. Labule mai kauri mai gashi-gashi rumbun ƙura ne, kuma kafin ka rataya shi ka tuna garin da kake: kowa ya san yadda ruwa yake a Damagaram, ka tambayi kanka da wane ruwa za a wanke shi. Silin mai lunguna da matakai, wa zai hau ya goge? Ni nakan tambayi matar gida wa ke shara kafin in tambaye ta launin da take so.

Katako ma da nasa hali. Yawancinsa daga kudu yake zuwa da ɗanyensa, in ya sha iskar rani sai ya ƙanƙance ya tsage, ƙofar kabad ta ƙi rufuwa. Ka sa kafinta ya bar shi ya bushe. Allon garin katako da ake shigowa da shi kuwa ba ya shiri da ruwa, kuma gara ba ta raina shi. Ka ɗaga ƙafar kabad daga ƙasa, kada ya jingina da bango mai danshi. Fitila: mai haske ɗumi, wadda lambar launin haskenta take wajen 3000K, ta fi dacewa da falo da ɗakin kwana, farar mai 6500K a bar wa shago da wurin aiki. Kuma ka tsara ɗakin yadda in wuta ta tafi da rana ba sai an kunna tocila ba.

Akwai kuma yadda muke zama, wanda babu manhajar da ta san shi. Baƙo namiji bai kamata ya ratsa tsakar gida kafin ya kai inda za a sauke shi ba. Aikin zaure ke nan tun kaka da kakanni, kuma falon zamani ma dole ya yi wannan aikin. Masai ba ya fuskantar alƙibla, ba ya ba ta baya. Ana son wurin alwala da ba zai jiƙa hanya ba. Falo komai kujerunsa, ran suna ko ran gaisuwa a ƙasa za a zauna, don haka a bar tsakiya a buɗe, teburin tsakiya ya zama wanda yaro zai iya ɗaukewa. Kicin kuma, ka zana na tsaye yadda aka koya maka, amma ka tambaya a ina ake daka. Turmi yana fasa karo. Nakan bar wani gefe da siminti zalla mai kauri saboda shi, da wurin da mai tuƙa tuwo za ta zauna a kujera ƴar tsugunne. Ɗakin amarya kuwa ba da amarya kaɗai za ka yi shawara ba. Gwaggo da inna suna da ta cewa a kan jere, kuma gara ka ji ta bakinsu tun a takarda da ka ji ta ran da aka kawo kaya.

Ka ware yini ka shiga Birni a ƙafa, da littafinka. Unguwar da fadar Sarkin Damagaram suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO tun 2006, amma mu da muke wucewa kullum mun daina ɗaga kai. Ka tsaya gaban tsohon gida ka dubi zanen da magini ya fitar da hannu tun yaɓen yana ɗanye, ka dubi zankwaye a kan soro. Ka nemi izini ka shiga zaure da tsakar rana, ka ji yadda sanyi ke tarbarka ba fanka ba komai, ka auna kaurin bangon, ka ɗaga kai ka ga yadda aka jera azara, yadda bakan gizo ya ɗauki rufin ba ginshiƙi a tsakiya. Ka sami tsohon magini ka gaishe shi da ladabi, ka tambaye shi makuba, wadda ake shafe bangon ƙasa da ita, da yadda ake haɗa ta da kwasfar ɗorawa. Wannan ilimi ba na raini ba ne. Falke Barmu, magini ne na gargajiya, masallacin ƙasa da ya gina a Yama cikin jihar Tawa ya ci kyautar Aga Khan a 1986. Mariam Issoufou kuma, wadda kwamfuta ta fara karantawa kafin ta koma zanen gini a Amurka, da tubalin ƙasa matsattse ita da abokiyar aikinta suka gina sabon masallacin Dandaji, suka mai da tsohon ɗakin karatu, aka gama a 2018. Ga dukawan garin nan da tumtum da matasan fata, ga masaƙa, ga masu tabarma. Mai gida yakan raina su har sai ya ga yadda ka ajiye su a falo.

Ke kuma ƙanwata, za ki ji ana cewa wurin gini ba na mace ba ne. Ki sa takalmi mai rufi, ki ɗaure mayafinki yadda ba zai kama ƙarfe ba, ki gaida babban magini da "Baba" ko "Malam" kafin ki buɗe taswira, kuma in za ki gyara masa aiki ki ja shi gefe, kada ki yi a gaban yaransa. Kina da abin da abokin karatunki namiji ba shi da shi: ke za ki shiga har ƙuryar ɗaki ki zauna da matar gida, ki ji abin da ba za ta faɗa a gaban mijinta ba.

Daga takarda zuwa aiki

In ka gama, kada ka yi gaggawar buga kati da sunanka. Ka yi aiki a ƙarƙashin wani, ofishin zane ko ɗan kwangila ko babban kafinta, har ka ga aiki daga tushe zuwa miƙa makulli. A nan za ka koyi jerin aiki: waya da bututu kafin yaɓe, silin kafin fenti, fenti na ƙarshe bayan karo. A nan kuma za ka koyi iyakarka. Bangon da ke ɗauke da rufin kankare ko bene ba a taɓa shi sai injiniya ya gani, ko da mai gida ya rantse cewa ba komai.

Ƙiyasi shi ke raba mai sana'a da mai sha'awa, don haka bari in nuna da lamba. Ɗaki mai mita 4 da mita 5, tsayi mita 3. Kewayensa mita 18, sau 3, bango ya zama murabba'in mita 54. Ka cire ƙofa da tagogi biyu, kusan 5, saura 49. Shafi biyu 98 ke nan. Litar fenti tana rufe wajen murabba'in mita 10 a shafi ɗaya, don haka kusan lita 10, ban da farar ƙasa ta farko, kuma sabon yaɓe ya fi tsohon bango sha. Daɓen ɗakin murabba'in mita 20 ne. Ka ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 22. In karo mai santimita 40 da 40 ne, guda 138. Ka saye shi lokaci ɗaya, domin in ka koma kasuwar Dole bayan wata biyu neman cikon kwali ɗaya, da wuya launin ya zo daidai. Labule kuma yadinsa ya ninka faɗin sandar sau 2 ko 2 da rabi, in ba haka ba zai tsaya a miƙe ba tattara.

Ran da ka tashi tsayawa da ƙafarka, ka yi rajistar kasuwanci ta RCCM ka karɓi lambar haraji ta NIF. Ba tare da su ba, ofishi ko otal ko ƙungiya ba za su iya ba ka aiki su biya ka ta banki ba, kuma aikinsu ya fi na gidaje tsari. In ta hanyar kafinta ko ɗinki ka shigo, ka nemi katin CMANI, majalisar masu sana'ar hannu.

Kowane aiki, ko na ɗan uwanka ne, a rubuta shi: abin da za a yi, abin da ba ya ciki, sau nawa mai gida zai iya canza ra'ayi kafin a sake lissafi, da yadda za a biya. Ka raba kuɗin kaya da ladan aikinka a layi daban-daban, domin mutanenmu sun saba biyan siminti da katako, ba su saba biyan zane ba, kuma in ka ɓoye ladanka a cikin kuɗin kaya, ran da Alhaji ya aiki yaronsa ya tambayo farashi a kasuwa sunanka ya ɓaci. Ka sa wa ƙiyasinka wa'adi, kwana 15 ko wata ɗaya, tunda yawancin kaya daga Kano suke zuwa kuma canjin naira da sefa ba ya zama wuri ɗaya. Kada ka taɓa fara sayayya da kuɗinka. Ka karɓi kafin alƙalami, ka rubuta rasit biyu, ɗaya nasa ɗaya naka, kuma kafin ka ɗauki hoton ɗakin da ka gama don nuna wa wasu, ka nemi izinin mai gida da na matar gida, kowanne daban.